Iska ta yaye rufi, takardar asurans na kwance cikin akwati

Ruwan sama ba ya yawan sauka a Arlit da Akokan, amma iskar da ke shige masa gaba kowa ya san ta. Hadari kan taso, ƙura ta turnuƙe gari, kafin a ankara tol ɗin wani ya faɗa gidan maƙwabci. A da wannan bai hana ma'aikacin ma'adinai barci ba: gidan na kamfani ne, kamfani ke aiko masu gyara. Tun da COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ta sallami ma'aikata kusan 600, magidanta da yawa suka koma ɗaukar nauyin rufinsu da kansu, a garin da kowane fallen tol da buhun siminti sai ya biyo hanyar Tawa da Agadas, wadda lalacewarta ke ƙara wa kaya tsada.

Masu asurans na gida kaɗan ne a Nijar, akasarinsu ƴan kasuwa masu magaza da ma'aikatan da banki ya gindaya wa sharaɗi kafin ya ba su bashin gini. Abin mamaki, cikin waɗannan kaɗan ɗin ma akwai masu yin shiru idan ɓarna ta auku. Wani ya ce ƙaddara ce, wani yana ganin neman diyya kamar roƙo ne, wani kuma tsoro yake kada a ƙara masa kuɗin shekara. Ra'ayin wannan jarida shi ne shirun kuskure ne. Wanda ya biya kuɗinsa shekara da shekaru ba sadaka yake nema ba.

Tun 1995 dokar CIMA ke tafiyar da sha'anin asurans a Nijar da sauran ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ta 1992. Aya ta 12 ta wajabta wa mai asurans ya sanar da kamfaninsa ɓarnar da ta same shi cikin wa'adin da kwantaragi ya yanka, wa'adin kuma ba ya kasa kwanaki 5 na aiki. Kwana biyar ba su da yawa ga mutumin da iyalinsa ke kwana a fili, kuma manyan ofisoshin kamfanonin suna Yamai, fiye da kilomita 1,000 daga Arlit. Aya ta 20 ta sassauta, ta ce jinkiri ba ya kashe haƙƙi sai kamfani ya tabbatar cewa jinkirin ya cutar da shi. Amma wa ke son ya kai ga wannan gardama? A ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a rufe ɗakin da tamfal, a adana tsohon tol, a kai sanarwa a rubuce, a karɓi shaidar an karɓa.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ne da yawa ke cin karo da abin da ba su karanta ba. A Faransa, tun 1990 doka ta sa duk asurans na gobara ya ƙunshi ɓarnar guguwa. Wanda ya sayi nasa a Agadas kada ya ɗauka haka abin yake. Ya duba ko an rubuta guguwa cikin takardarsa, ya duba kuma ko an cire ginin laka ko rufin da ba a ɗaure shi yadda aka shar'anta ba. Sannan akwai kason da mai gida ke ɗauka da kansa a kowace ɓarna, akwai ragin tsufan kaya, akwai kuma aya ta 35, wadda ta fi cin mutane. A ce gida ya kai miliyan 10, mai shi ya rubuta miliyan 5 don ya rage kuɗin shekara. Iska ta yi ɓarnar jika 400. Rabi za a lissafa masa, jika 200, a cire kasonsa, a ce jika 100, ya tashi da jika 100 kacal. Ba zamba aka yi masa ba. Arahar da ya nema ranar sa hannu ce ta dawo masa.

Saboda haka, idan falle biyu ko uku ne suka ɗaga, kuɗin gyara bai wuce kason mai gida ba, babu abin da za a jira: a sanar, a kira mai gyara. Idan kuwa rufin ya tafi da katakonsa, ruwa ya jiƙa hajar magaza, barin diyya wauta ce. Tsoron ƙarin kuɗi daga asurans na mota aka gado shi, inda haɗari ke ɗaga kuɗin direba bisa tsari. A na gida, abin dubawa shi ne ko kwantaragin ya ba kamfani damar soke shi bayan ɓarna.

Su ma kamfanonin da hukumar da ke sa musu ido a ma'aikatar kuɗi suna da nasu aikin. Damanar 2024, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, har ta rushe tsohon masallacin Damagaram, ta nuna cewa ginin Nijar ba ya jure irin ruwan yanzu. Kwantaragi mai shafuka da yawa cikin Faransancin lauyoyi ba ya amfanar ɗan kasuwar Arlit. Ya kamata a riƙa ba shi shafi guda cikin Hausa da Tamajak, mai faɗin abin da aka lamunce, abin da aka cire, da kasonsa. Ya kamata kuma a samu masu ƙiyasta ɓarna zaunannu a jihar Agadas, don kada mutum ya yi ta jiran wanda zai taso daga Yamai, rufinsa a buɗe.

Wanda kuma ya sanar, kamfani ya yi ta ja masa rai, ya san cewa aya ta 28 shekara 2 ta ba shi ya kai ƙara, daga ranar da abin ya faru.