Hangen Hasumiya Ba Shiga Birni Ba

Duk malamin da ya taɓa dawowa daga wani ɗan horo a Faransa ya san tambayar da ke jiran shi a ɗakin malamai. Ba a tambayar shi abin da ya karanto, ko ɗakin littattafan da ya shiga. Cewa ake yi: "To mushe, kai kaɗai a birnin masoya? Ina madam?" Sai a bushe da dariya. In kuwa malama ce ta yi tafiyar ita ɗaya, dariyar ba ta fitowa fili, gulma take komawa. An riga an yanke hukunci cewa Pari gari ne na mutum biyu, wanda ya taka shi shi kaɗai ko dai abin tausayi ne ko abin tuhuma. Wannan hukunci ba shi da tushe, kuma abin takaici shi ne daga bakin masu koyar da adabin Faransanci yake fitowa, mutanen da littattafan da ke cikin jakarsu suke ƙaryata su kullum.

A fara da hoton nan da ya zagaye duniya, na saurayi da budurwa suna sumbatar juna a gaban ma'aikatar magajin garin Pari. Robert Doisneau ne ya ɗauke shi a 1950, mujallar Life ta Amurka ce ta sa shi aikin. Shekara arba'in mutane suna kallon shi a matsayin shaidar cewa a titunan Pari soyayya tsirowa take kamar ciyawar damina. Sai a 1993 magana ta kai gaban shari'a, mai hoton ya fito ya faɗi gaskiya: shi ya roƙi wasu ɗalibai biyu masu koyon wasan kwaikwayo su tsaya mashi. Masoya ne a lokacin, amma ba su daɗe ba suka rabu. A 2005 matar ta sayar da kwafin da ke hannunta a kan yuro 155,000, wato sama da miliyan 100 na sefa. Ke nan "birnin masoya" haja ce ta kasuwa, da masu ƙera ta da masu tallar ta, kuma tana da farashi.

Haka zancen kwaɗunan gadar Pont des Arts. Wajajen 2008 baƙi suka fara rubuta sunayensu a jikin kwaɗo, su maƙala shi ga ƙarfen gadar, su jefa makulli cikin kogin Sen. Aka ce al'ada ce, alhali ba ta girmi ɗan aji shida ba. A watan Yuni na 2014 wani sashe na ƙarfen ya karye saboda nauyi, shekara ta zagayo ma'aikatan gari suka kwashe wajen tan 45 na kwaɗuna, aka sa gilashi a madadinsu.

To, a bar ƴan yawon buɗe ido, su ba su ɗauki alli ba. Malamin lise fa? Shi da ya san cewa a Notre-Dame de Paris na Victor Hugo rataye Esmeralda aka yi, kuma Marguerite ta La Dame aux camélias tarin fuka ya kashe ta, masu bin ta bashi suna tsaye a ƙofa. Ya kuma karantar da Le Père Goriot na Balzac, inda tsoho ya ƙarar da dukiyarshi kaf a kan ƴaƴanshi mata biyu, ranar jana'izarshi suka aiko da karusai babu kowa a ciki. Littafin yana ƙarewa ne da Rastignac a maƙabartar Père-Lachaise, shi kaɗai, yana hangen gari daga tudu. Manyan marubutan ƙasar kansu sun bayyana Pari a matsayin garin kuɗi da buri da kaɗaici. Har kalma gare su ta mai yawon titi shi ɗaya ba tare da wata buƙata ba sai kallo, flâneur, wanda Baudelaire ya ɗaukaka. Mai tafiya shi kaɗai bai saɓa wa ɗabi'ar garin ba, ita yake bi.

Ƙididdiga ma ta goyi bayan littattafai. Kusan rabin gidajen Pari mutum ɗaya ne ke kwana ya tashi a cikinsu. A watan Agusta na 2003 zafi ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, galibinsu tsofaffi. Ranar 3 ga Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais, kusa da Pari, waɗanda babu ɗan uwan da ya zo nemansu. Shugaba Chirac ne ya tsaya a madadin dangi. Wanda ya taso inda ake rufe shago a bi gawar baƙon da ba a san sunanshi ba, ya kamata wannan labari ya fi zama a ranshi bisa ga hoton sumba.

Amfanin tafiyar mutum ɗaya shi ne idonshi ba ya da wurin sauka sai kan gari. Masoya juna suke kallo, kuma babu laifi. Masu tafiya ayari kuwa tutar jagora suke bi, daga mota zuwa hasumiyar Eiffel, daga hasumiya zuwa mota. Shi kuwa na ɗaya yana ɓata, yana tambaya, yana karanta allunan da ke jikin bango. In ya je Montmartre ya ga bangon da aka rubuta "ina son ki" cikin harsuna 250, ba wanda zai hana shi gangarowa ta gabas. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba zai tsinci kanshi a Château-Rouge, cikin ƙamshin busasshen kifi da manja, ana ciniki da Bambara da Wolof da Lingala. Gaba kaɗan ga cocin Saint-Bernard, inda ranar 23 ga Agusta 1996 aka fasa ƙofa da gatari aka fitar da ƴan Afirka marasa takardu da suka fake a ciki. In ya koma bakin kogi, gada ɗaya ce rak ta raba Pont des Arts da Pont Saint-Michel. A nan aka kafa wani ƙaramin allo a 2001, na tunawa da ƴan Aljeriya da ƴan sanda suka kashe daren 17 ga Oktoba 1961, aka jefa wasunsu cikin wannan ruwa da ake jefa makullai. Dubban mutane ke wuce allon kullum, hannu cikin hannu. Mai tsayawa ya karanta shi sau da yawa wanda ba a jan hannunshi ne.

Kar a ce an ɓoye wahalar abin. Cin abinci kai kaɗai a gari mai sanyi ba daɗi, kuɗin ɗakin otel ba ya raguwa don mutum ɗaya ne, kuma baƙar fata ya fi kowa sanin cewa fasfo ba ya barin aljihu. Wani bincike na 2009 ya nuna cewa a wurare irin su Gare du Nord da Châtelet ana tsayar da baƙar fata wajen sau 6 fiye da farar fata. Amma wannan ma darasi ne a kan garin, wanda jagoran ayari ba zai taɓa bayarwa ba. Bernard Dadié na Kodebuwa ya riga kowa: littafinshi Un Nègre à Paris na 1959 wasiƙa ce ta baƙo shi ɗaya, yana nazarin mutanen Pari da al'adunsu kamar yadda su suka saba nazarin na wasu. Littafin yana cikin kabad ɗin makarantu da dama, ƙura ta rufe shi.

Yau hanya ta yi nisa. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairu na 2024, kuma a 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wasu da jiya suke sambatun Pari kamar aljanna, yau su ne ke cewa ko sunanta kar a ambata a aji. Duka biyun hangen hasumiya ne daga nesa, kuma ɗalibi ne ke biyan kuɗin: jiya an ba shi mafarkin da ya tura wasu bin hanyar hamada, yau ana so a ba shi dodo. Ba a faɗa mashi cewa a wannan gari ne Alioune Diop ya kafa mujallar Présence Africaine a 1947, a nan marubuta baƙar fata na duniya suka yi babban taronsu na farko a Sorbonne a 1956, a nan kuma aka buga Sarraounia na Abdoulaye Mamani a 1980. Shagon littattafan Présence Africaine yana titin Rue des Écoles, taku kaɗan daga Sorbonne, babu jerin gwano a ƙofarshi, babu mai sayar da kwaɗo. Malamin da ya dawo da hotuna arba'in a gindin hasumiya, a tambaye shi ko ya leƙa can.