Idan ƙanƙara ta ƙi sauka a Oukaimeden, manomi ne ke fara ji a jikinsa

Duk lokacin da sanyi ya kankama a Maroko, hotunan Oukaimeden kan cika shafukan sada zumunta. Yara na gangarowa a kan faifan roba, manya kuma sun ɗaura dogayen alluna a ƙafa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wurin yana cikin tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 75 kudu da birnin Marrakesh. Ƙauyen kansa yana kan tsayin mita 2,600, yayin da ƙololuwar filin zamiyar ta haura mita 3,200. Shi ya sa ake kiransa wurin zamiyar ƙanƙara mafi tsayi a nahiyar Afirka.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai harkar masu hannu da shuni ce, ana ta kai wa yake ta kaya. To amma rahoton da ke faɗin kaurin ƙanƙarar da ta kwanta a dutsen nan, labari ne na ruwan sha da ruwan noma na miliyoyin mutane. A ra'ayinmu, da wannan ido ya kamata hukumomi su riƙa karanta shi.

A al'ada, kakar wasa a Oukaimeden kan kama daga wajajen Janairu zuwa Maris. A shekarun farin da Maroko ta sha a jere tun daga kusan 2019, an sha ganin ƙanƙarar ta makara, ko ta sauka ta narke cikin 'yan kwanaki, duwatsu su fito tsirara a tsakiyar hunturu. Dalilin a bayyane yake. Iska kan ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Ke nan idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya tak, iyakar inda ƙanƙara ke iya kwanciya sai ta matsa sama da kimanin mita 150. Abin da a da yake sauka a matsayin dusar ƙanƙara, yanzu ruwa yake zuwa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ruwan sama da ya sauka a kan dutse gangarewa yake yi nan take, wani lokaci har da ambaliya. Ita kuwa ƙanƙara zama take yi kamar hatsi a rumbu. Sai yanayi ya fara ɗumi a watannin Maris zuwa Mayu take narkewa a hankali, ta cika koguna irin su Ourika da Rheraya, ta shayar da gonakin zaitun da alkama a filin Haouz da ke kewaye da Marrakesh, ta kuma ratsa ƙasa ta raya rijiyoyi. Idan rumbun bai cika ba, manomin da ke ƙasa, wanda ƙila bai taɓa taka filin wasan ba, shi ke fara gani a gonarsa.

Maroko ta ɗanɗana kuɗarta. A 2024 madatsar ruwa ta Al Massira, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar, wadda ke kan kogin Oum Er-Rbia mai tasowa daga tsaunukan Atlas, ta janye har ruwanta ya gaza kashi 5 cikin 100. A watan Fabrairun 2025 Sarki Mohammed na Shida ya nemi 'yan ƙasar su haƙura da layya a wannan shekara, bayan ƙidaya ta nuna dabbobi sun ragu da kashi 38 cikin 100 idan aka kwatanta da 2016. Duk Musulmi ya san girman wannan mataki.

Su ma mazauna dutsen suna ji a jikinsu. Akwai masu ba da hayar takalma da allunan zamiya, da masu alfadarai da ke hawar da baƙi, da masu sayar da shayin na'ana'a, goro na gyaɗar dutse da zuma a bakin hanya. Cinikinsu na 'yan makonni ne, da shi suke riƙe gida. Yankin ne kuma girgizar ƙasar 8 ga Satumbar 2023 ta ɗaiɗaita, inda kusan mutum 3,000 suka rasa rayukansu.

A ko'ina a duniya, idan ƙanƙara ta yi ƙaranci a irin waɗannan wurare, shawarar da ake fara kawowa ita ce injinan da ke fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya daskare. Da su birnin Beijing ya gudanar da kusan dukkan gasar Olympics ta hunturu a 2022, da su kuma wurin zamiya na Afriski da ke Lesotho yake dogaro. Masu goyon bayansu na cewa suna ceto ayyukan yi, kuma ruwan yana komawa ƙasa idan ya narke. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai injin ba ya ƙirƙirar ruwa, ɗebo shi yake yi daga inda wani ke jira, kuma wani kaso yana bin iska. Yana shan lantarki, sannan ba ya aiki sai sanyi ya kai ƙasa da sifili. A ƙasar da ke kashe maƙudan kuɗi wajen tace ruwan teku a Agadir da Casablanca, zuba ruwa a kan dutse domin wasa zai iya zama gyaran gangar auzinawa.

Darasin Chacaltaya a ƙasar Bolibiya ya ishi mai hankali. Shi ne wurin zamiya mafi tsayi a duniya a zamaninsa, sama da mita 5,000. Zuwa 2009 ƙanƙararsa ta dindindin ta ƙare ƙaf, aka bar gine-gine a kan tsakuwa.

Saboda haka muna ganin abu uku ne a gaba. Na farko, ruwan dutse ya fara zuwa ga mai sha da mai noma kafin mai wasa. Na biyu, a riƙa auna ƙanƙarar ana sanar da manoma a kan kari, domin su san abin da za su shuka. Na uku, a samar wa mutanen Oukaimeden hanyar abinci da ba ta rataya a kan wata uku ba. Suna da zanen zamanin da a jikin duwatsu, ga hanyoyin hawa kusa da Toubkal, dutse mafi tsayi a Arewacin Afirka mai mita 4,167.

Suna kuma da tsarin gado mai suna agdal, inda makiyayan Amazigh ke rufe makiyayar dutsen tun daga Maris, ba a shigar da dabba sai 10 ga Agusta, domin ciyawa ta kai ga zubar da iri. Kakanninsu sun gane cewa dutse yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Ko da an samu shekarar da ƙanƙara ta sauka jingim, kada murnar hotuna ta sa a manta da wannan ƙa'ida.