Zancen Mota: In an ɗaga mota, a duba kardan



Tsofaffin Land Rover da Toyota ke kai mu kasuwa, daga Damana zuwa Filinge ko Baleyara. Saboda rairayin Dallol Bosso da nauyin buhunan hatsi, masu mota kan ƙara ƙarfen resor don mota ta ɗaga. Ba laifi, amma ana mance abu guda.

Ƙarƙashin mota akwai dogon ƙarfe mai juyawa, sunansa kardan. Shi ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu. Kashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kamar wuƙa cikin kube. In mota ta ɗaga, kardan ya kan karkace, ya kusa zarewa. In ya zare cikin gudu ya soki ƙasa, yana iya kifar da mota da mutanenta.

Direba, sa makaniki ya auna shi, ƙafafun mota na ƙasa. In ya gaza, a ƙara masa tsawo. A sa masa giris.

Kai kuma fasinja, in ka ji mota na makyarkyata ƙarƙashin mazauninka, gaya wa direba. Kada ka ji kunya, da ranka a ciki.