Makirfon da ke jan ladan ba abin wasa ba ne

A Gwashi da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, haka ma a Gummi da Anka, da wuya a yi biki ko maulidi ko walimar saukar Alƙur'ani ba a ɗaura lasifika a kan sanda ba. Zamfarar da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, waɗanda suka cika fada da kotso da ƙarfin murya, yau taronta ya koma hannun amfilifaya da piyano da janareta. Da yawa daga cikin kayan nan na hannu ne. Sun gama aiki a Turai ko Amurka, suka sauka kasuwar Alaba a Legas, suka biyo ta Sabon Garin Kano ko Gusau kafin su iso ƙauye. Wasunsu sun girmi samarin da ke kunna su.

Tsufan na'ura ba laifi ba ne. Matsalar tana jikin igiyar da ke kai mata wuta, wadda ba kowa ke kallo ba sai ranar da ta tsinke.

Duk mai zuwa taro ya san abin da ake yi idan makirfo ya fara cizon leɓe. Mai waƙa ya naɗe shi da hankici, mai kayan ya zagaye shi da salatif, a ce ai halinsa ke nan. Idan filogi ya ƙi shiga soket, a karye ƙafarsa ta uku. Idan ya fashe, a yanke shi a cusa tsirarar waya a rami, a tokare da tsinken ashana. Wannan cizon da ake rainawa shaida ce cewa wuta ta riga ta hau ƙarfen na'urar, tana neman hanyar sauka ƙasa.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma filoginmu mai ƙafa uku gadon Ingila ne. Waya mai ruwan ƙasa-ƙasa ita ke ɗauke da wuta, shuɗiya ita ce hanyar komawa, mai kore da rawaya kuma ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin kaya za a ga ja da baƙi da kore. Ta ukun nan ba ta aikin komai muddin lafiya lau ake, shi ya sa ake ganin kamar banza ce. Ranar da roba ta narke ko taransifoma ta tsufa har wuta ta taɓa gangar jikin amfilifaya, ita ce za ta kwashe wutar da ƙarfi har fis ya ƙone, na'ura ta mutu. In babu ita, wutar za ta bi wayar makirfo zuwa hannun wanda ke riƙe da shi, ta ratsa ƙirjinsa ta fita ta tafin ƙafa. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya, alhali fis ɗin da aka fi samu a filogi na amfiya 13 ne. Fis waya yake karewa daga gobara. Mutum zai iya mutuwa shi bai ko yi ɗumi ba.

Turawa sun koyi wannan darasi da gawa. A watan Mayun 1972, mai kaɗa jita Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a Swansea, a gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. A 1976 wuta ta kashe Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, yana kaɗa jita a gidansa. Amfilifayar jita da aka ƙera a Amurka a shekarun 1950 da 1960 filoginta ƙafa biyu gare shi, kuma akwai wata kafasita a ciki da ke haɗa layin wuta da ƙarfen jiki don rage gurnani. Idan ta lalace, ƙarfen gaba ɗaya yana iya zama wuta. Masu gyara a can sun daɗe da mayar da cire ta da sa igiya mai waya uku aikin farko. Ga kuma ƙari: kayan Amurka na bolt 120 ne, sai da taransifomar rage wuta, wadda ita ma sau da yawa ba ta da haɗin ƙasa.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari a nan ba ma mawaƙi ba ne. Ladan ne. Ya fito daga alwala hannunsa da danshi, ya tuɓe takalmi, ya tsaya a kan siminti ko tabarmar da raɓa ta jiƙa, ya kama makirfon ƙarfe ya kai bakinsa, sau biyar a rana. Fata mai laima ba ta tare wuta kamar busasshiya. Da damina kuwa, a yankin da ambaliyar 2024 ta mamaye Gummi, ƙasa kanta jiƙe take. Kuma zuciyar da wuta ta tsayar mintuna kaɗan take jira, ba za ta jira motar da za ta kai Gusau ko Sakkwato ba.

Gyaran ba shi da wuya ga wanda ya iya. A cire tsohuwar igiya a sa mai waya uku. A ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen na'urar da noti nata na kanta, a kankare fenti a wurin, a kuma bar ta ta fi sauran tsawo, domin ko an fizgi igiyar ta zama ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Fis da makunni su zauna a kan wayar wuta. Sai a gwada da mita. Aikin mai gyaran rediyo ne da ya ƙware, domin manyan kafasitocin tsohuwar amfilifaya mai bawul suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare filogi. Na'urar da ke da tambarin murabba'i cikin murabba'i kuwa an ƙera ta da rufi biyu, ba ta buƙatar waya ta uku, a bar ta yadda take.

Sai dai sabuwar igiya ba ta da amfani idan ramin soket na uku fanko ne, kuma haka yake a gine-gine da yawa. Dole a kafa sandar tagulla a ƙasa, a ja waya daga gare ta zuwa soket da jikin janareta, sannan a sa wani abu mai katse wuta da kansa da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Haɗa shi da ƙaramin janareta yana da ƙa'idarsa, don haka mai aikin wuta ne zai ɗaura ya gwada. Inda hali bai kai ba, akwai mafita mai sauƙi: amfilifayoyi da yawa irin su Ahuja suna aiki da batir, kuma batir da faifan sola sun fi tsohon filogi aminci nesa ba kusa ba.

Masu kayan haya kan ce wayar ƙasa ce ke kawo gurnani a lasifika. Wani lokacin gaskiya ne, amma maganinsa a jona dukkan na'urori a wuri guda, a gyara wayoyin sauti. Wasu kuma kuɗi suke ji. Igiya da filogi da sandar tagulla ba su kai kuɗin sabuwar lasifika guda ba.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin haɗin lantarki, ba za ta leƙa kowane masallacin ƙauye ba. Nauyin yana kan kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da masu ba da hayar kayan sauti. Kafin a tara kuɗin ƙarin lasifika bana, a fara kiran mai gyara ya buɗe filogin amfilifayar da ake da ita. Duk makirfon da ya taɓa jan mutum ko sau ɗaya, a kashe shi a ajiye har sai an gyara.