Wannan Hayaƙin Kam Namu Ne

Tun ƙarshen 2016 da baƙar kunkunniya ta fara sauka a Fatakwal, kowa a unguwar nan ya iya zagin masu dafa ɗanyen man sata a cikin fadamu, da jami'an tsaron da ke banka wa man da suka kama wuta. Sun cancanci zagin. Amma jama'a, hayaƙin da ke turnuƙe mu kowace safiya daga bayan kwata fa? Shi ma daga fadama yake tasowa?

Tsofaffin tayoyin mota ne 'yan'uwanmu ke ƙonawa suna babbakar kai da ƙafa da ganda. Taya ba itace ba ce. Roba ce da aka haɗa da farar wuta da tutiya da waya da sinadaran man fetur. In ta kama wuta, hayaƙinta na ɗauke da iskar kabon monoksaid da ƙananan ƙwayoyin toka masu wucewa har can cikin huhu, ga sinadarai masu haddasa ciwon daji. Wani ya bi iska, wani ya manne a fatar da za a jefa a tukunyar farfesu. Kankarewa da wuƙa tana cire baƙin da ido ke gani ne kawai.

Wa ke shaƙa? Yaron da ke juya kan saniya a kan wutar tun asuba, ba ko ƙyalle a hanci. Sai almajiran makarantar allo, sai matan da ke cikin gida yini guda, sai tsoho mai asma. Mai mota ya zo ya sayi gandarsa ya ɗaga gilashi ya tafi.

Za a ce itace ya yi tsada, gas kuma sai mai hali, taya kuwa kusan kyauta ce a wurin bakanizo. To, kuɗin asibitin yaran wa ke biya? Kuma a 2017 gwamnatin Ribas ta hana ƙona taya. Mu baƙi ne a garin mutane. Ranar da aka tashi rufe mana kwata, wannan hayaƙin za a nuna, kuma ba mu da bakin musu.

Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, kai ke karɓar kuɗin kowace dabba da aka yanka. A ware wani abu daga ciki a sayi tukwanen gas da bututun babbaka na haɗin gwiwa, a sa tara ga duk wanda ya sake shigo da taya, kafin Babbar Sallah ta zo aiki ya ninka.