Ba Santi Ke Kawo Ƙiba Ba

Duk inda aka ajiye tire a tsakar gida ranar suna ko biki, akwai hukuncin da ake yankewa tun kafin a wanke hannu. In mai jiki ya ƙara loma, sai a haɗa ido, wani ya yi ƙasa da murya ya ce ai ga dalilin tumbin nan. In siriri ne ya share kwano har ya suɗe yatsu, sai a yi dariya a ce wannan ci yake yi amma ba a ganin inda abincin ke shiga. Mutum biyu sun yi abu ɗaya, an kira na ɗaya haɗama, an kira na ɗayan abin mamaki. A ƙarƙashin wannan hukunci akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan jama'a, har da wasu ma'aikatan lafiya: cewa ƙiba sakamakon jin daɗin abinci ce, don haka maganinta shi ne mutum ya raba kansa da daɗin. Ni ina ganin zaton nan kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin yana sa a zargi wanda bai kamata ba, a kuma ba shi shawarar da ba za ta ɗore ba.

Hausawa sun san riƙon yara, saboda haka ba za su sha wahalar gane hikimar binciken da likita Albert Stunkard da abokan aikinsa suka wallafa a 1986 ba. Sun duba manya 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana, suka gwada nauyinsu da na iyayen da suka haife su da kuma na iyayen da suka raine su. In da tukunyar gida ce kaɗai ke tsara jiki, da ɗan riƙo ya yi kama da wadda ta dafa masa. Abin da aka gani shi ne jikinsu ya bi na mahaifa, bai nuna wata alaƙa da na mariƙa ba. A 1990 aka sake duba tagwayen ƙasar Suwidin masu kama ɗaya da aka raba tun yarinta, kowa ya tashi a gida daban, aka tarar nauyinsu ya kusanci juna ƙwarai, har aka ƙiyasta cewa gado na da kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane. A shekarar ce kuma Claude Bouchard na Jami'ar Laval a Kanada ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya fi waɗannan kai tsaye. Ya killace samari tagwaye, biyu-biyu har sau 12, yana ɗora musu ƙarin kalori 1,000 kan abin da jikinsu ke buƙata, kwana shida a mako, tsawon kwana 100. Ƙarin abincin iri ɗaya ne ga kowa, amma wani ya ƙara kilo 4 da ɗoriya, wani ya haura kilo 13, kuma kowane ɗan tagwai ya fi kusa da ɗan'uwansa a yawan abin da ya ƙara. Tsofaffinmu da ke cewa "ƙiba a gidansu gado ce" sun fi masu haɗa ido a bakin tire kusa da gaskiya.

Abin da ake gada kuwa, mafi yawansa, yana cikin ƙwaƙwalwa ne, wajen da ake auna yunwa da ƙoshi. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke aikawa cikin jini don ya shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Bayan shekara uku likitoci a Kambrij ta Ingila suka ci karo da wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya da jikinsu ba ya yin wannan sinadari. Yaran na da matsananciyar ƙiba, kuma ba sa daina neman abinci, domin ƙwaƙwalwarsu na ganin kamar yunwa ce za ta kashe su. Da aka soma yi wa irin waɗannan yara allurar leptin, sai cin ya lafa, jiki ya sauka. Wannan lalura ba ta da yawa a duniya, amma ta buɗe ido kan yadda tsarin auna yunwa da ƙoshi yake aiki a jikin kowa. Da zarar mutum ya rage nauyi, jiki yakan yi abin da uwargida ke yi in an rage mata kuɗin cefane: ta tsuke hannu wajen kashewa, ta kuma hana maigida sakat da ƙorafi. Tsuke hannun shi ne raguwar ƙarfin da jiki ke ƙonawa, ƙorafin shi ne yunwa. An ga haka ƙarara a Jami'ar Minnesota a 1944 zuwa 1945, lokacin da Ancel Keys ya rage wa maza 36 abinci har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Lafiyayyun mutane suka koma ba su da zance sai na girki, wasu na tara littattafan dafa abinci, da aka sake su kuma suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa har kitsen ya dawo ya wuce na da. Babu wanda zai ce santi ne ya kama su. Azaba ce suke gudu.

Mai hankali zai tare ni a nan da tambaya mai ƙarfi: in gado ne, me ya sa ƙiba ta yawaita a ɗan lokaci, alhali jinin mutane bai sauya ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai cutarwa, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Tambayar daidai take, kuma amsarta ita ce gado yana faɗin wanda zai fi saurin kamuwa ne, yanayin da ake rayuwa a ciki kuma shi ke faɗin yawan waɗanda za su kamu. Sai dai a lura, ba wanda ya isa ya ce mutanen 1990 ba sa jin daɗin abinci, ko kakanninmu ba su san daɗin tuwon dawa da miyar kuka da man shanu ba. Harshe yana nan yadda yake. Da yawa za su ce to zaman mota da ofis ne. Motsa jiki na da amfani mai yawa ga zuciya da sukarin jini, amma rawarsa wajen tsara nauyi ba ta kai yadda ake zato ba. Amy Luke ta Jami'ar Loyola ta gwada matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata na yankin Chicago a Amurka. Na Amurka sun fi nauyi nesa ba kusa ba, amma da aka yi la'akari da girman jiki, ƙarfin da suke ƙonawa wajen zirga-zirga bai bambanta sosai ba. Herman Pontzer ya sami makamancin haka a 2012 wajen mafarautan Hadza na Tanzaniya. Saura abu ɗaya ke nan da za a tuhuma, wato irin abincin da ya cika kasuwa.

A nan ne gwajin da Kevin Hall ya yi a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, wanda aka wallafa a 2019, ya zama shaidar da ta fi kowace nauyi a wannan muhawara. An kwantar da mutum 20 na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta wanda aka sarrafa matuƙa, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan gona da nama yadda suke. An daidaita yawan sukari da maiƙo da sauran sinadaran da aka gabatar musu a ɓangarorin biyu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta suka riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kowace rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne da aka tambaye su wanne ya fi daɗi, ba su fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Sun ci fiye da kima daga abincin da bai fi musu daɗi ba, kuma sun ci shi da sauri. Duk wanda ya taɓa lura da yadda ake shan lemon kwalba ya san wannan. Kwalba biyu kan wuce maƙogwaro a tsaye, a bakin shago, kafin a gama gaisawa, ciki bai ma san an yi ba. Kwatanta da mai cin rake, wanda sai ya ɓare, ya tauna, ya tsotse, ya tofar, muƙamuƙinsa ya gaji kafin ya sha rabin wannan sukarin.

Masu binciken ƙwaƙwalwa, musamman Kent Berridge na Jami'ar Michigan, sun nuna cewa jin daɗin abu da matsuwar son sa hanyoyi biyu ne daban a cikin kai, kuma ɗaya na iya ƙaruwa ɗayan na nan yadda yake. Mashayin taba da ya kunna kara na ashirin ba daɗi yake ji kamar na farko ba, jan sa ake yi. Daɗin abinci kuwa yana da iyakarsa a cikinsa. Lomar farko ta masa mai zafi, wadda gefenta ya soyu cikinta ya yi laushi, an tsoma ta a miyar taushe, ta fi ta goma daɗi, ta ashirin kuma kusan aiki ce. Wanda hankalinsa ke kan ɗanɗano shi ne zai fara jin lokacin da daɗin ya soma raguwa. Wanda idonsa ke kan waya, hannu na kai-kawo tsakanin leda da baki, ba zai ji komai ba sai ya taɓa ƙasan ledar. Faransawa sun yi suna wajen son abinci da daɗewa a kan teburi, duk da haka masu ƙiba a cikin manyansu ba su kai 2 cikin 10 ba, a Amurka kuwa sun kai 4 cikin 10. A binciken da ya wallafa a 2003, Paul Rozin ya tarar abin da ake zuba wa mutum a gidajen abinci na Philadelphia ya fi na Paris da kusan kashi 25 cikin 100, kuma ko a McDonald's mutanen Paris sun fi daɗewa kafin su tashi. Ƙasashen biyu sun bambanta ta fuskoki da yawa, ba zan ɗora komai a kan wannan kaɗai ba, amma ya isa ya rushe cewa al'ummar da ta fi girmama daɗin abinci ita ce za ta fi teɓa.

Za a ce ai kowa ya san in miya ta yi daɗi tuwo ya fi tafiya. Gaskiya ne, kuma yawan kalolin abinci a gaban mutum na sa ya ƙara ci, shi ya sa ake tashi da nauyin ciki ranar Sallah. Amma cin rana ɗaya ba shi ke tsara nauyin shekara goma ba. Jiki kan rage buƙata bayan an cika shi, matuƙar abincin yau da kullum irin wanda yake iya lissafawa ne. Za a kuma ce wannan magana tana ba malalaci uzuri, ya ce ai gado ne ya miƙe ƙafa. Ban ga haka ba. Wanda ya san hawan jini na gidansu shi ya fi kowa dalilin rage gishiri. Koyarwar addini da ta ce a bar wa ruwa da numfashi gurbi a ciki tana nan da hikimarta, kuma ba ta ce a ƙi abu mai daɗi ba. Abin da ilimin nan ke cirewa shi ne gori. Mutum biyu na iya tashi daga tire a lokaci ɗaya, ɗaya ya ƙoshi, ɗaya yana danne yunwa, kuma na biyun ne ya fi yin ƙoƙari ko da shi ne mai tumbin.

Kuskuren yana cizon sirara ma. A wurare da yawa na ƙasar Hausa ana ɗaukar cikar jiki alamar hutu da kulawar miji, sai a sa amarya ko budurwa a gaba da tambayar ko ba a ba ta abinci ne. Daga nan wasu ke faɗawa magungunan ƙiba irin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda a cikinsu akan sami Dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki in an daɗe ana sha. A ɗaya gefen kuma ga sababbin allurai irin Semaglutide, da gwajin 2021 ya nuna suna rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi ta hanyar kwantar da yunwa a ƙwaƙwalwa, kuma in an daina yawancin nauyin kan dawo. Ƙwaya ta hau da jiki, allura ta sauko da shi, halin mutumin bai sauya ba ko kaɗan.

Saboda haka shawarar da ake yawan ba mai ƙiba ko mai ciwon sukari, ta ya koma cin abu salam kamar wanda ake horo, ita ce ta fi saurin karyewa, domin ba wanda zai shekara yana cin abin da ransa ba ya so. Wadda za ta ɗore ita ce wadda ta bar masa daddawa da yaji da miyar ganye, ta ƙara masa wake da acca da zogale da kifi, ta rage girman malmala, ta kuma janye kwalba da biskit da taliyar leda daga matsayin abincin kullum. Nauyi mafi girma kuma yana kan hukuma. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, adadin da tashin farashi ya riga ya cinye har mai saye ba ya jin sa. Matuƙar lemon kwalba da biskit sun fi ƙwai da 'ya'yan itace sauƙin samu a ƙofar makarantun firamare, yaran da suka gaji saurin ƙiba za su ci gaba da yin ta, ko an yi musu gori ko ba a yi ba.