Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Wa Ake Kira In Za A Gyara Sakkwato?



Akwai kalamai biyu da suka yi wa Hausar labarai katutu: "haɗin gwiwa" da "masu ruwa da tsaki". Da wuya wata ya wuce ba ka ji an ce an yi taron masu ruwa da tsaki kan tsaftar muhalli ko sufuri ko tsara gari ba. A zauren otal ake yi. A kafa allo, a yi jawabai da Turanci, a raba ruwan gora da 'yar jaka, a ɗauki hoto, a watse. To a Sakkwato, wa ya kai mutumin Mabera zama mai ruwa, alhali duk damina sai ruwan ya same shi har cikin ɗaki? Shi da ire-irensa ne ba ka gani a hoton.

Matsayina a fili yake. Duk haɗin gwiwar da za a ƙulla don gyaran birnin nan, in babu masu ɗauke da shi kullum a ciki, kuma ba a yi shi da harshen da suke ji ba, to taron cin abinci ne. Mu kuma da muke kiran kanmu marubuta muna da kaso a laifin, don harshen nan a hannunmu yake.

Kada a ɗauka ina ƙyamar haɗin gwiwa. Sakkwato ba ta gyaruwa sai da shi. Abin da muke kira gari ɗaya a rabe yake tsakanin ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ga unguwannin da suka faɗa cikin Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota. A sama da su ga hukumomin jiha: ta tsara birane, ta kare muhalli wato SEPA, da ta sufuri. Ga manyan hanyoyin da ke hannun Gwamnatin Tarayya. Ga kuɗin waje, irin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021, na dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Shi kuwa ruwan sama bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ledar da aka jefa a lambatun wannan unguwa, ƙofar gidan wani take toshewa a waccan.

Wanda ya manta, ya tuna Satumban 2010. Ruwan da ya taho ta Gulbin Rima daga wajen madatsar Goronyo ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Madatsar a hannun wata hukuma take, hanyar a hannun wata, jami'ar a hannun wata, amma ruwa ya haɗa su a dare ɗaya. Saboda haka babu gardama kan cewa sai an haɗa hannu. Gardamar a kan hannun wa da wa take.

Mu lissafa waɗanda Sakkwato ke tafiya a kan wuyansu. Ɗan kabu-kabu da mai agwagwa da buje su ne sufurin talaka daga Arkilla zuwa Tsohuwar Kasuwa, daga Gagi zuwa asibiti. Sun san ramin da ke kayar da mutane, sun san shataletalen da ke cushewa idan an tashi daga makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, su ne farkon waɗanda ke sanin ranar da mutane suka gwammace su taka da ƙafa. Ɗan ga-ruwa da kurarsa ya san layin da famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, don can cinikinsa yake. Yaran bola-jari su ke raba ƙarfe da roba daga cikin juji, aikin da a wasu ƙasashe kamfani ake kafawa a kansa. Matar gida ita ke yanke inda sharar gidan za ta kwana. Mai unguwa ya san wanda ya ci hanyar ruwa da katanga, da wanda ya sayar masa da filin. Duk wannan ilimi ne, kuma babu ƙwararren da za a ɗauko daga Abuja da zai tara shi cikin kwana uku.

An gina gadojin sama a Runjin Sambo da Rijiyar Dorowa a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Aiki ne da ake gani da ido, ban raina shi ba. Sai dai gadar sama matsalar mai mota take warwarewa. Tsohuwar da za ta tsallaka titi da kaya a kai, da ɗalibin da ke jiran abin hawa cikin zafin Afrilu da kan haura digiri 40, buƙatarsu wurin tsallakawa ne da inuwa da wurin tsayawar ababen hawa. Waɗannan ƙananan ayyuka ne, ba su da bikin buɗewa, shi ya sa sai an zauna da masu buƙatarsu kafin a tuna da su. Haka gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021. Ko an sake gini mafi kyau, hanyar da motar kashe gobara za ta bi a cikin kasuwa 'yan kasuwa ne ke buɗe ta ko toshe ta da tebur kowace safiya. In ba a yi shawara da su ba, zanen takarda ba zai hana tebur fitowa ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai mutanenmu ne ba sa ji. Su ke zuba shara a lambatu, su ke gini kan hanyar ruwa, su ke barin awaki su cinye itatuwan da aka dasa. Gaskiya ne, ba zan wanke kowa ba. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda aka hana zuba shara a lambatu, an nuna masa inda zai zuba, an faɗa masa ranar da mota ke zuwa? Icen da aka dasa ranar biki, wa aka damƙa wa ban-ruwansa, me aka ce zai samu in ya rayu? Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari ga jama'a, a karɓi ƙorafinsu kafin a amince da shi. Daftarin da aka baje da Turancin injiniyoyi a bangon ofis ya cika sharaɗin doka, amma bai isa kunnen mai faskare ba.

Masu cewa mutanenmu ba sa haɗa kai su dubi shan-inna. Shekaru aka yi ana kai ruwa rana kan rigakafi a Arewa. Abin ya sauya ne da aka daina aiko da umarni daga nesa. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da limamai suka shigo, mata suka bi gida-gida suna bayani da Hausa. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Mutanen da suka yarda aka ɗiga wa 'ya'yansu magani a baki, su ne za a ce ba za su yarda su yashe lambatun ƙofar gidansu ba?

Yanzu sai kanmu. Mun cika shafuka da labaran gidajen Abuja da Dubai da motoci masu baƙin gilashi. In ɗan kabu-kabu ya fito a littafinmu, ba shi da suna, aikinsa ya sauke jaruma ya ɓace. Damina a wajenmu lokacin soyayya ce da ƙamshin ƙasa. Ba mu cika nuna magidancin da ya kwana tsaye yana kwarfe ruwa da bokiti ba, ko amaryar da kayan ɗakinta suka jiƙe a makon farko. Abin da ba a rubuta ba, mai mulki na iya cewa bai sani ba.

Za a ce marubuci ba injiniya ba ne. Ba wanda ya ce ka auna faɗin kwalbati. A garin nan ne Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa mayar da ilimin da ke cikin Larabci zuwa waƙen Hausa da Fulatanci, jajis-jajis na 'Yan Taru suna kai shi ga matan ƙauye. Ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin a 1809, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin ayyukan shugaba a littafinsa Usulus Siyasa. Magabatan garin ba su ga rubutu kan hanya da kasuwa a matsayin ƙasƙanci ba, kuma ba su bar ilimi a harshen da jama'a ba sa ji ba. Mu ne muka saki wannan gadon.

Ga abin da nake kira gare shi, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ka zaɓi layi ɗaya a unguwarku. Ka bi ruwansa da ƙafa daga inda ya taso zuwa inda ya maƙale. Ka zauna da mai unguwa, ka zauna da shugaban 'yan kabu-kabu na tashar da ke kusa, 'yar uwa marubuciya ki shiga gidaje ki ji ta bakin mata. Ka rubuta abin da ka gani da abin da aka faɗa maka, ban da ƙari, ban da ƙazafi. In an sanar da wani aiki, ka nemi bayaninsa, ka mayar da shi Hausar da kakarka za ta gane: ina zai bi, gidan wa zai shafa, yaushe za a gama, wa za a tambaya in ya tsaya. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar nan ta ƙara samun ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ga masu shirya taruka kuma, buƙatar ba ta da tsada. A fitar da zama daga otal zuwa ƙofar gidan mai unguwa ko harabar makarantar firamare. A yi shi da Hausa. A sa lokacin da mai neman na cefane zai iya halarta, a ware wa mata nasu zaman. A rubuta abin da aka amince, a karanta shi a rediyo, a dawo bayan wata shida a faɗi abin da aka yi da wanda ba a yi ba.

Damina ba ta jiran rahoton taro. Wanda ya fara rubutu kan layinsu tun da rani, ya ba mutanen unguwarsu abin riƙewa ranar da za su je gaban hukuma. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, Ya kare Birnin Shehu da mutanensa.